Wai me tsohon nan ya yi ne da ake rataye hotonsa a kowane dojo, wato ɗakin koyon kareti?

Ɗan Fagge:
Slm jama'ar gida. Ni fa akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗa ko da admin zai cire ni. Wannan tsohon da muke juyawa mu gaida hotonsa kafin a fara tirenin, Funakoshi, wai me ya yi ne? Na bi tarihinsa ban ga kofin da ya ci ba, ban ga wanda ya doke ba, malamin firamare ne kawai ɗan gajere. Amma kullum Funakoshi ya ce kaza, Funakoshi ya yi shekara goma a kan Tekki, wato ɗaya daga cikin kata, jerin motsin nan da ake haddacewa. To shekara goma a abu ɗaya ba ci baya ba ne? Yaro mai kai sati biyu ya ishe shi ya kwashe ta a YouTube. Ku fahimtar da ni don Allah, ba raini ba ne

Basakkwace:
Hhhh yaro ya tari aradu da ka. Bari su Baba su taso. Amma gsky ina bayanka, ni ma ban ga mi wanga tsoho yay yi ba

Tsohon Bel:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba wanda zai cire ka, kuma gaskiya ka faɗa bai ci kofi ba, don a zamaninsa kofin ma babu shi. Gasar farko ta duk faɗin ƙasa da JKA, ƙungiyar kareti ta Japan, ta shirya sai a 1957 aka yi ta, watanni kaɗan bayan ya mutu. Amma bari in ɗan ja ka baya. A Shuri aka haife shi, tsibirin Okinawa, a 1868, bakwaini ne mai yawan laulayi. Ajinsu ɗaya da ɗan wani babban mutum Anko Asato, ta nan ya samu ƙofa. Lokacin babu dojo babu bel babu farin kaya, a tsakar gidan malami ake yi kuma da dare, ba a son a sani. Bayan ya zama malamin makaranta ma bai fasa ba, sai ya wuni yana fama da yara a aji, dare ya yi ya ɗauki 'yar fitilarsa ya taka da ƙafa har gidan Asato, ba zai dawo ba sai wajen asuba, har maƙwabta suka fara gulma wai gidan matan banza yake zuwa. Shi da kansa ya ba da wannan labarin a tarihin rayuwarsa da ya rubuta. Asato yana zaune a baranda, shi kuma yana ta maimaita kata ɗaya har ido ya daina ganin fitilar don gajiya, abin da zai ji kawai shi ne a sake. Ba a ba ka wata sai malam ya gamsu da wadda ke hannunka, ko da kuwa shekara uku za ta ɗauka. Bayan Asato kuma ga Anko Itosu, wanda shi ne ya shigar da kareti makarantun Okinawa a farkon shekarun 1900 ya kuma tsara katocin Pinan da mu muke kira Heian

Ɗan Fagge:
To Baba ai wannan gana wa mutum azaba ce kawai. Tekki Shodan fa motsi 29 ce kacal, kuma a layi ɗaya ake yin ta, hagu dama shi kenan. Me ya rage da za ka gano a shekara ta biyar wanda ba ka gani ba a wata na biyar?

Tsohon Bel:
Madalla. Gobe in ka je tirenin ka yi min abu ɗaya. Ka samu alli ka tsaya a kiba dachi, wato tsayuwar nan kamar ta mai hawan doki, kusa da bango, wani ya ja layi daidai saman kanka, ka jingine wayarka ta ɗauke ka, ka yi Tekki ɗin sau ɗaya da ƙarfinka. Sai ka zauna ka kalla. Za ka ga duk inda ka ketara ƙafa kanka ya haura layin, wato ka miƙe ba ka sani ba. A wurin nami gaeshi, inda ake ɗaga tafin ƙafa a dawo da shi da sauri, za ka ga duk jikinka ya karkata ɗaya gefen kafin ƙafar ta tashi, wanda ke gabanka ya riga ya karanta ka. Za ka ga gwiwar da ba ta aiki ta faɗo ciki lokacin da ka juya kafaɗa. Kafaɗunka sun hau kusa da kunne, numfashi ka riƙe shi tun motsi na goma. Kowanne daga cikin waɗannan gyaransa watanni ne, kuma kana gyara ɗaya ɗaya na ɓaci. In ka gama da wannan sai a kawo maka mutum a gabanka ka ga ashe abin da ka ɗauka tarewa ce riƙe hannu ne da jawowa, ashe kata ce ta faɗan kusa-kusa inda ba filin ɗaga ƙafa. Daga nan kuma jikin naka ya canza, na ɗan shekara 25 daban na ɗan 50 daban, sai ka sake koyon ta da jikin da ya rage maka. Haddar jerin motsin kam na yarda, sati biyun ma ya yi yawa

Bazazzagi:
Baba ka yi bayani amma a bar ɗaukar Funakoshi kamar waliyyi. Ko a cikin 'yan Okinawa akwai waɗanda ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Choki Motobu fa? Wannan shi ne mafaɗacin gaske, tun yana saurayi yake fita unguwar Tsuji da dare yana neman wanda zai gwada ƙwanji da shi. Ya haura shekara hamsin ya hau dandali a Kyoto ya kwantar da wani Bature ɗan dambe mai girman jiki. Abin haushi da mujallar King ta buga labarin a 1925 sai masu zane suka zana fuskar Funakoshi a madadin tasa, kun ga kuwa dole gaba ta ƙaru. Motobu yana ganin abin da Funakoshi ke koyarwa rawa ce kawai

Ɗan Fagge:
Yauwa!!! Irin wannan nake nema. Wannan ya kamata a rataye hotonsa

Tsohon Bel:
Ba ka ƙarasa masa labarin ba malam Bazazzagi. Gaya masa wace kata ce Motobu ya riƙe har ya mutu a 1944

Bazazzagi:
Naihanchi mana

Tsohon Bel:
Ita ce dai Tekki, suna kawai aka canza mata a Tokyo. Mafaɗacin naka da malamin firamaren, ba sa ga maciji da juna, amma kata ɗaya suka tsufa a kanta

Bazazzagi:
Eh amma shi Motobu yana fitar da abin da ke cikinta yana gwadawa a jikin mutum, ba ya tsaya yana naushin iska ba. Nan ne bambancin kuma har gobe shi ne ciwon da ke damun yawancin kulob ɗinmu, a yi ta kata babu mai gaya maka amfanin motsin

Basakkwace:
Ku dai ku yi ta lissafin sunayen Japanawa. A kawo duk wanda kuka ga dama cikinsu a ɗaure ma wani yaro namu hannu a sa su fage, wlh turmi guda ya isa a yi kisa

Dakta Gwiwa:
Yallaɓai ba wanda ya raina dambe, ɗan damben da ke kan ganiyarsa ba abin wasa ba ne, ni ba zan tsaya gabansa ba ko da bel goma a ƙuguna. Amma tambaya ɗaya, ka taɓa ganin ɗan shekara saba'in ya ɗaure hannu ya shiga fage? In ƙarfi ya tafi sai dai ya koma gefe ana girmama shi ana tuna bajintarsa. Su kuma waɗannan tsofaffin abin da suka gina daban ne, sun tsara shi yadda za ka ci gaba da yi har ƙafa ta daina ɗaukarka. Funakoshi yana da shekara tamanin da ɗoriya yana zagaya kulob ɗin jami'o'i yana koyarwa

Basakkwace:
Koyarwa daban iyawa daban likita

Dakta Gwiwa:
To ga labari tunda iyawa kake so. Bayan yaƙin duniya na biyu, yana wajen shekara tamanin, yana dawowa gida da dare wani ɓarawo ya tare shi. Mutumin ya fizge lemarsa ya kawo masa duka da ita, tsoho ya sunkuya ya wuce ta ƙasa ya damƙe masa 'ya'yan maraina ya riƙe har ɗan sanda ya iso. Abin da ya fi ba ni mamaki, da yake ba da labarin cewa ya yi kunya ta kama shi daga baya, wai ya karya dokar da yake koya wa yara, ga shi mutumin ƙila yunwa ce ta fito da shi

Basakkwace:
Hhhhhh kai jama'a, shekara saba'in ana kata ashe nan za a ƙare. Wannan ko tsohuwa ta iya shi

Tsohon Bel:
Ka gwada sunkuyawa ƙarƙashin duka kana shekara tamanin cikin duhu ka dawo ka ba mu labari

Maman Ilham:
Slm. Ina ta karantawa ban so in sa baki ba amma akwai wadda duk kun tsallake, matarsa. A 1922 ma'aikatar ilimi ta shirya baje kolin wasanni a Tokyo aka tura shi ya nuna kareti, da niyyar ya yi kwanaki ya koma. Jigoro Kano mai judo ya gayyace shi makarantarsa ta Kodokan, wannan ya ce tsaya wancan ya ce tsaya, shi kenan mutum bai koma gida da zama ba. Ya ajiye aikin koyarwa na shekara talatin, yana da shekara hamsin da uku ya tare a Meisei Juku, masaukin ɗalibai 'yan Okinawa, yana shara yana gyaran lambu yana gadi, har mai dafa abincin gidan ya koya wa kareti don a rage masa kuɗin abinci. Duk wannan ana faɗa ana jinjina masa. Ita kuma baiwar Allah tana can Okinawa sama da shekara ashirin, ta ƙi tasowa saboda kula da kaburburan kakanni a al'adarsu, sai da yaƙi ya cinye tsibirin a 1945 aka kwaso su zuwa Oita sannan suka sake zama tare, cikin yunwa, a 1947 ta mutu. Kuma ita ma fa ta iya karetin, shi ya faɗa da bakinsa. Ni dai duk lokacin da aka ce wane ya ba da rayuwarsa gaba ɗaya ga abu kaza sai in tambaya wa ya biya kuɗin

Ɗan Fagge:
Tabɗi. Anti wannan ban taɓa ji ba

Tsohon Bel:
Hajiya maganarki dutse. Kuma ba ita kaɗai ba ce asarar. A 1945 ɗin nan bam ya ƙone dojon Shotokan da ɗalibai suka tara kuɗi suka gina masa a Tokyo, ɗalibansa da yawa sun tafi yaƙi ba su dawo ba, a shekarar kuma ɗansa Gigo wanda shi ake sa ran zai gaje shi tarin fuka ya kashe shi yana da shekara 39. Mutum yana dab da tamanin komai ya rushe. Da aka samu sarari ya sake tara waɗanda suka rage aka koma kan kihon, wato motsin tushe da ake fara koya. Ɗan Fagge ka ce me ya yi, to ni a wurina wannan na cikin amsar

Maman Ilham:
Ban ce bai yi ƙoƙari ba Baba, na ce dai a riƙa faɗin labarin duka. Kuma ku iyayen gida masu fita tirenin asuba da yamma har da ranar Lahadi ku ji da kyau

Basakkwace:
Hajiya ta jefi tsuntsu biyu da dutse guda hhhh

Ustazu:
Assalamu alaikum. Tunda an zo maganar hoton, ni matsalata ba tarihinsa ba ce, sunkuyawar ce. A durƙusa a kai goshi kusa da ƙasa ana fuskantar hoton mamaci, ni zuciyata ba ta kwanta da shi ba, shi ya sa ma na cire ƙanina daga wani kulob

Tsohon Bel:
Ustaz wannan magana ce mai nauyi kuma ba ni ne zan ba da fatawa ba, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda muke yi a wurina. Ba mu rataye hoto a gaba, yana can gefe kusa da allon sanarwa don yara su san tarihi. Ba ma yin ta durƙuso. A tsaye muke, a haɗa ƙafa a ɗan rausaya kai, wanda bai so ya dafa ƙirji. Abin da ba na yafewa shi ne ka shiga kumite, wato karawar mutum biyu, da ɗan'uwanka ba ku nuna wa juna alamar girmamawa ba, don wannan alamar ita ce alƙawarin cewa zan kawo maka hari da gaske amma ba zan ji maka ciwo ba

Ustazu:
To wannan da sauƙi. Allah ya saka da alheri Baba

Ɗan Goju:
Ku 'yan salon Shotokan kun cika gurup da Funakoshi kamar shi kaɗai ne. Ku zo garin Naha a Okinawa ku ga tirenin. Chojun Miyagi, wanda ya kafa salon Goju-ryu, sai ɗalibi ya shekara yana Sanchin da ɗaga chi-ishi, wato dutse a kan sanda, da tuluna da ake riƙewa da yatsu ana tafiya da su, kafin ya ga wata kata. Malam yana zagaya ka yana dukan kafaɗa da cinya don ya ji inda ka saki. In kuna son ganin abin da ake nufi da tirenin har tsufa ku nemi bidiyon Morio Higaonna, haihuwar 1938, ku kalli hannuwansa kawai. Mutumin ya haura saba'in yana dukan dutse yana gumi tare da ɗalibai, ba wai ya tsaya gefe da hannu a baya yana ƙirga ichi ni san ba

Dakta Gwiwa:
Ɗan Goju don Allah ka ƙara da cewa kada yara su kwaikwayi dukan dutsen nan. An taɓa kawo min wani saurayi da ya ga irin bidiyon ya je yana naushin bangon bulo, ƙashin bayan ƙaramin yatsa ya karye, hannun ya kumbura ko cokali ba ya iya riƙewa. Abin koyon naushi na gaskiya, wato makiwara, katako ne mai lanƙwasa, sirara ta sama, an naɗe ta da igiya ko wani abu mai taushi, in ka buga tana ja baya ta dawo, ita ke koya maka daidaita wuyan hannu da bugawa da gaɓoɓin yatsu biyu na farko. Kuma ba ta yaran da ƙashinsu bai gama ƙwari ba ce

Ɗan Goju:
Gsky ne likita. Shi ma Higaonna a hankali ya kai can, shekara sittin da wani abu ana ginawa

Ɗan Fagge:
To naji duk wannan. Amma ku gaya min, in malami ya tsufa ba ya iya ɗaga ƙafa ta kai kai, me zai koya min? Ni fa mawashi geri, shurin nan na zagaye, nake so mai kyau

Dakta Gwiwa:
Abin dariyar shi ne shi kansa Funakoshi ba mai ɗaga ƙafa sama ba ne. Ka duba tsofaffin hotunansa na shekarun 1920, tsayuwarsa a sama take, gajera. Wannan doguwar tsayuwa ta ƙasa-ƙasa da manyan shure-shuren da muke yi yanzu ana danganta su ne da ɗansa Gigo da samarin jami'a. Suna gina ƙafa ba shakka, amma in malami bai san abin da yake yi ba ya sa gwiwa tana faɗawa ciki ko ana shurin iska ana ƙulle gaɓa da ƙarfi, to kafin arba'in za ka zo wurin irinmu. A nan tsohon malami yake da rana, ya riga ya ga waɗanda suka lalace da dalilin lalacewarsu. Dubi Hirokazu Kanazawa, shi ya ci kumite a waccan gasar ta 1957 da karyayyen hannu, zakara ne na gaske ba na baki ba, amma ya je ya yi shekaru yana koyon tai chi wurin wani malami ɗan Chaina, ya mayar da hankali kan numfashi da sakin jiki, ya ci gaba da yawo ƙasa-ƙasa yana koyarwa har ya tsufa tukuf, sai 2019 ya mutu yana da shekara 88. Mai baƙin bel mai daraja ta sama ya koma ɗalibi a wani fanni

Bazazzagi:
Amma kuma kada a fake da tsufa. Akwai masu tumbi da suka daina tirenin tun shekara ashirin da suka wuce, sai bel mai zane-zane da satifiket cike da bango. Na taɓa zama a wani kulob, ba zan kama suna ba, duk wata uku giradin, wato jarrabawar ƙarin bel, kowa ya biya kowa ya wuce, ban taɓa ganin wanda ya faɗi ba. Yaro ɗan shekara tara da baƙin bel ko tsayuwa bai iya ba. Shi kuma oga kowace shekara sai ka ji ya ƙara dan, wato matakin baƙin bel, ba ka san wa ya gwada shi ba

Tsohon Bel:
Wannan cuta ce kuma ba a nan kaɗai take ba. Bel ɗin ma aro ne daga judo, Funakoshi ya ɗauko tsarin Kano ya ba da baƙin bel na farko a 1924, cikin waɗanda suka samu har da Hironori Otsuka da ya kafa Wado-ryu daga baya. Kuma iyakar abin da ya taɓa ba wani shi ne dan na biyar. Akwai ɗalibinsa Tsutomu Ohshima da ya kai kareti Amurka, ya karɓi na biyar ɗin a 1957 ya ce ba zai ƙara ko ɗaya a kai ba, ƙungiyarsa har yau a biyar take tsayawa. Yanzu kuwa sai ka ga ɗan shekara arba'in da dan takwas

Maman Ilham:
To Baba mu iyaye ya za mu gane na kirki? Yarana biyu suna yi kuma gsky ni launin bel kawai nake gani yana canzawa, kuɗi na fita

Tsohon Bel:
Hajiya kada ki tambaye shi dan nawa gare shi. Ki je ba tare da sanarwa ba ki zauna a gefe. Ki duba rigarsa a ƙarshen aji, in a bushe take kullum to akwai magana. Ba sai ya yi tsalle ba, ko tsoho ne za ki ga yana yin kihon ɗin tare da su gwargwadon ƙarfinsa, yana durƙusawa ya kama ƙafar yaro ya juya ta da hannunsa. Ki tambaye shi wa ke gyara masa nasa kuskuren, yaushe rabonsa da ya tsaya a layi a matsayin ɗalibi, in ya ji haushin tambayar kin samu amsa. Ki duba manyan ɗalibansa yadda suke riƙe ƙanana, masu cin zali ne ko masu haƙuri, don halin malami a jikinsu yake fita. Sannan ki tambaya ko an taɓa kayar da wani a giradin. Malamina Allah ya jiƙansa, a ƙarshen rayuwarsa ƙafa ta ƙi, a kan benci yake zama da 'yar sanda, amma kafin mu iso ya riga ya yi nasa, hannu kawai yana zaune, za ka tarar da wuyan rigar ya jiƙe. Kana wucewa gabansa zai taɓa ka da sandar a ƙugu, ba zai ce komai ba, kai ka san ka bar ƙugun a baya

Maman Ilham:
Allah ya jiƙansa. Zan je ranar Asabar in sha Allah, ba zan gaya musu ba

Ɗan Fagge:
Amin. Amma ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya, gasa ita ke nuna gwani. In ba gasa kowa sai ya ce shi ne

Bazazzagi:
Ai rigimar da ta raba ɗaliban Funakoshi kenan tun yana raye. Shi bai son a mayar da abin wasan neman maki. Masatoshi Nakayama na JKA ya ga in ba gasa samari za su gudu zuwa judo da kendo, ya tsara dokoki, ya kuma buɗe kwas na horar da malamai da aka riƙa turawa duniya, Enoeda Ingila, Kase Faransa, Shirai Italiya. Su Shigeru Egami na Shotokai suka ce sam ba da su ba. In ba don Nakayama ba da wuya karetin ya iso inda muke, wannan dole a faɗa. Amma kuma dubi inda gasar ta kai mu, Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, wasan ƙarshe na masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1 ya ɗaga ƙafa ya sami Sajad Ganjzadeh na Iran, mutum ya faɗi sumamme aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, alƙalai suka kori Hamedi aka ba wanda ya suma zinare

Basakkwace:
Wlh ranar nan na kusa fasa talabijin. Wanda anka kashe shi ad da zinare, wanda yay yi kisa shi ad da azurfa. In a fage ne da tuni makaɗa sun ɗauke shi

Tsohon Bel:
Ni kuma ban ga laifin alƙalan ba. Doka ta ce ka kai hari ka tsayar da shi, duka biyun sun san da haka kafin su shiga. Tsayar da ƙafa a daidai fata tana cikin gudu ya fi sakin ta wuya nesa ba kusa ba

Bazazzagi:
Haba Baba, shi ɗan Iran ɗin fa shi ya sunkuyo ya kawo kansa cikin ƙafar. Ka sake kallon bidiyon a hankali

Ɗan Goju:
Ku bar wannan, a Olamfik ɗin nan abin kallo kata ce. Ryo Kiyuna ɗan Okinawa ya ci zinare, Sandra Sanchez ta Sifaniya ta ci na mata tana da shekara 39, shekarun da a wasu wasannin an daɗe da yin ritaya

Basakkwace:
A'a kar ka canza zance malam. A ba Hamedi zinarensa tukuna

Admin:
Jama'a maganar Hamedi ta isa ta ci zaurenta daban, wanda ke so ya buɗe sabon zare ya sa bidiyon a can. Ɗan Fagge muna jiran naka bidiyon na Tekki da layin alli, kada ka yanke inda kan ya haura

Ɗan Fagge:
Zan turo amma Baba kaɗai zan tura wa ta inbos, ban yarda da Basakkwace ba